Hasken da Ke Makantar da Na Gaba: Martani ga Mai Cewa a Kafa Babbar Fitila a Rufin Mota

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanakin baya a kan dogayen fitilun nan na LED da ake ɗaura wa a-kori-kura, na kuma sake karanta shi a tsanake, don kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Dunƙulallen zancensa shi ne hanyoyinmu sun lalace, dare ya zama abin tsoro, fitilar da kamfani ya sa wa mota ba ta wadatar ba, saboda haka duk mai Hilux ko makamanciyarta ya nemi fitila mafi tsawo, mafi yawan wat da aljihunsa zai ɗauka, ya kafa ta a saman rufi, ya ja mata makunninta daban, ya bar ta a kunne muddin yana kan hanya da dare.

Malam, farkon maganarka ba wanda zai ja da kai. Ramukan suna nan, tirelolin da ke lalacewa a tsakiyar titi ba ko ganyen da aka ajiye a bayansu suna nan, shanu suna tsallaka kwalta ƙarfe biyun dare. Shekara tara ke nan ina bin hanyar Kano zuwa Haɗeja saboda gonar shinkafar da nake yi a fadamar Auyo, kuma yawancin dawowata bayan isha'i ce. Ni ma akwai irin wannan fitilar a motata, da kuɗina na saye ta, ina kuma jin daɗinta a inda ya dace. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganin da ka rubuta ya fi ciwon haɗari, kuma na ga haka da idona.

Wani dare ne na ranar kasuwar Gujungu, mutane suna komawa gida. Ina tafe a hankali da buhuna a baya, sai na hango haske ya ɓullo daga nesa, fari fat mai shuɗi-shuɗi, ya fi tsayin fitilar kowace ƙaramar mota. Na yi masa dim, na sake yi masa, bai amsa ba. Da ya matso, gilashina na gaba, wanda ƙura ta ɗan hau, ya koma kamar farin zane da aka shanya a gabana. Bakin titi ya ɓace, layin tsakiya ya ɓace, hannuwana kawai nake ji a kan sitiyari. Na taka birki ba don na ga wani abu ba, sai don ban ga komai ba. Da motar ta wuce, idona ya ɗauki ɗan lokaci yana ganin ɗigo-ɗigo, sannan a hankali abu ya bayyana a gabana: amalanken shanu ne, bai fi taku goma daga bambata ba, da yaro a zaune a kan kayan yana riƙe da igiya, ya juyo yana kallona. Shi wancan direban ya yi gaba abinsa, ƙila ma yana yaba kyawun fitilarsa a ransa. Bai san abin da ya bari a baya ba, kuma da abin ya faru, sunana ne za a rubuta a takardar 'yan sanda.

Ga abin da rubutunka ya tsallake. Fitilar gaba ta mota, komai tsufanta, an ƙera ta ne da tunanin cewa akwai wani yana tahowa. Ka faka motarka gaban bango da dare ka kunna dim, za ka ga hasken ya yanke a wani layi, ƙasa haske, sama duhu, sai ɓangaren dama ya ɗan ɗaga don haska gefen hanya, tunda a hannun dama muke tuƙi tun 1972. Wannan layin shi ne mutuncin da mota ke yi wa idon na gaba. Doguwar fitilar LED ba ta da shi. Jerin ƙananan ƙwayaye ne, kowanne da ɗan kofinsa, suna watsa haske sama da ƙasa da gefe, duk inda ya faɗa. Sai kuma ka ce a ɗora ta a rufi, kusan mita biyu daga ƙasa, wato daidai inda za ta sauka cikin ƙwayar idon direban ƙaramar mota, da ɗan acaɓa, da mai Adaidaita Sahu. In an yi lodi bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga, abin ya ƙara muni.

A yi lissafin nan tare, ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In kai da na gabanka kuna wannan gudun, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da mita 56 duk daƙiƙa. Mutumin da ka kashe wa ido na daƙiƙa uku ya yi tafiyar sama da mita 80 a makance, tsawon da ya kusa filin ƙwallo, kuma yana yin ta ne ya nufo ka, a titin da ba shinge a tsakiya. Dattijo kuwa idonsa ya fi na saurayi daɗewa kafin ya dawo daidai. Ta ina wannan ya zama kariya gare ka? Ka ga ramin da ke gabanka sarai, amma ka mayar da motar da ke tahowa ta zama dutsen da aka jefo maka ba saiti.

Na san amsar da za ka ba ni, don na sha jin ta a tasha da gareji: ai in na hango mota sai in kashe. To, kai da kanka ka ba da shawarar a ja mata makunni daban. Makunnin nan yawanci can ƙasan sitiyari ake liƙa shi, kusa da gwiwa. Direban da ya taso daga gona a gajiye, hannu ɗaya a giya, yana kauce wa rami, zai yi dim da sandar da ke jikin sitiyari domin hannunsa ya saba, ya manta da babbar tana ci a sama. Na tabbata abin da ya faru da mutumin Gujungu ke nan, don ban yi zaton mugunta ce ta sa shi ba. Mutanen Ostareliya, waɗanda ke tafiyar ɗaruruwan kilomita a daji inda dabbar kangaru ke faɗowa titi da dare, sun fi mu buƙatar wannan fitila, amma ƙa'idarsu ita ce a haɗa ta da ful, ta yadda da zarar an yi dim ita ma ta mutu. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, fitilun da aka yi don daji dole ne a kashe su, a kuma rufe su da murfi, in an hau titin jama'a. Su ma ba su yarda da hannun direba kaɗai ba.

Ko da hannunka bai taɓa mantawa ba, wa kake yi wa dim? Wanda ka ga fitilarsa. Mai keke da ke dawowa daga kasuwa ba shi da fitila. Matar da ta ɗauko itace tana bin gefen kwalta ba ta da ita. Bafulatanin da ke kora garke ba shi da ita, shanun kuma in haske irin wannan ya doke su, ko su daskare a inda suke ko su watse ko'ina. A ƙauyukan da titi ya ratsa, mutane suna zaune a bakin hanya wajen mai shayi, yara suna tsallakawa. Duk waɗannan ba su cikin lissafinka, kuma su ne mafi yawan masu amfani da hanyar.

Bari in bar maganar wasu in zo kan kai kanka, mai motar, don a nan ne na fi mamakin rubutun naka. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe mu. Duk wanda ya taɓa kunna tocila cikin hazo ya san abin da ke faruwa: hasken yana bugun ƙurar ya dawo maka. Fitilar da ke rufi tana saman goshinka kaɗan, haskenta yana ratsa daidai iskar da idonka ke kallo ta cikinta, don haka duk ƙurar da ke tsakaninka da hanya sai ta kama haske ta zama labule. Ga bonet yana walƙiya a ƙasa, musamman farar mota, kuma yawancin Hilux ɗinmu farare ne. Shi ya sa kamfanoni ke sa fitilar hazo can ƙasa a jikin bamba. Haka abin yake in kana bin bayan tifa a hanyar burji, haka yake a ruwan Agusta mai ƙarfi. Kusan rabin shekara fitilar rufi tana rage maka gani. Akwai kuma abin da mutane ba su lura da shi ba: idan ka cika mita ashirin ɗin da ke gabanka da haske kamar rana, ƙwayar idonka sai ta tsuke, abin da ke can nesa, wanda shi ne zai kashe ka, ya ƙara duhu. Kana jin kamar kana gani sosai saboda gabanka ya yi fes, alhali nisan ganinka ya ragu.

Ban da fito da take yi da iska in ka wuce gudun tamanin, da ramukan da za a huda a rufin, waɗanda damina ɗaya ta isa ta nuna maka ko an toshe su da kyau.

Sai zancen wat, wanda ka mayar da shi ma'aunin kyau. Wat ma'aunin abin da fitila ke ci ne, kamar a ce za a auna ƙarfin doki da yawan dawar da yake cinyewa. Kuma lambar da ke jikin kwali sau da yawa ba ta da alaƙa da abin da ke ciki. Ta farko da na saya an rubuta mata wat 288. Wayarin mota na volt 12 ne, saboda haka in lambar gaskiya ce ya kamata ta ja amfiya sama da 20. Mai wayarin da nake kai wa aiki yanzu ya ɗora mata mita a gabana, ta nuna tara. Ya dube ni ya ce, Alhaji, kwali ka saya. Wannan awon ba ya ɗaukar minti biyar, kuma duk mai saye ya kamata ya nemi a yi masa shi kafin ya biya: amfiya sau volt, shi ne wat na gaskiya. Haka lambar lumen da ake bugawa da manyan haruffa, tana faɗin jimillar hasken da ƙwayayen za su iya fitarwa ne a takarda, ba ta ce komai ba game da inda hasken zai sauka. Ƙwan H4 na halojin da ke cikin tsofaffin motocinmu wat 60 yake ci a ful, lumen ɗinsa bai wuce 1,650 ba, amma saboda madubin da ke bayansa an ƙera shi da lissafi, yana kai haske inda ake bukata. Haske kuma yana raguwa da nisa ta hanya mai tsanani: in ka ninka tazara, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Wanda ke son ganin nesa ya ninka sai ya ninka ƙarfin tsakiyar hasken sau huɗu, kuma hakan aikin madubi da gilashi ne masu kyau. Fitila mai inci 20 daga kamfanin da ya san aikinsa tana iya wuce mai inci 52 ta araha nisa. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne siffar hasken. Akwai mai tsukakken haske da ke tafiya nesa kamar mashi, akwai mai baza shi kusa, akwai mai haɗa biyun, tsakiya tsukakke, gefe bazazze. Ga hanyar gona mai kwana-kwana ta ukun ta fi. Ya duba ko an rubuta IP67 ko IP68 a jikinta, lambar farko tana nufin ƙura ba ta shiga, bakwai ɗin kuma tana nufin za ta jure nutsewa cikin ruwa mita ɗaya na rabin awa, abin da duk mai ratsa fadama a watan Satumba zai so. Ya ɗaga ta ya ji nauyi, don haƙarƙarin alminiyon da ke bayanta shi ke fitar da zafi, kuma LED da ya yi zafi dusashewa yake yi, ga mu da watan Afrilu da ke haura digiri 40. Launin ma abin dubawa ne. Farin LED asalinsa shuɗi ne da aka shafa wa wani sinadari ya koma fari, irin shuɗin da ya sa masana uku 'yan asalin Japan suka sami kyautar Nobel a 2014, kuma masu araha sun fi karkata ga shuɗin, wanda ya fi sukar ido. Mai ɗan ɗorawa-ɗorawa, ko murfin roba ruwan ɗorawa da ake maƙala mata, ni dai ya fi kwantar mini da ido a cikin ƙura.

Inda na ji zafin rubutunka sosai shi ne wajen haɗa waya, inda ka ce aikin minti talatin ne, a jawo waya daga batir zuwa makunni, daga makunni zuwa fitila. Ba ka ambaci fis ba, ba ka ambaci rile ba. Haka wani yaro a wani gareji ya haɗa mini tawa ta farko, da siririyar waya irin ta rediyo, ya zura ta ta wani rami a ƙarfen da ya raba inji da cikin mota ba tare da roba ba. Wata biyu girgizar hanya tana goga wayar a bakin ƙarfe. Wata rana da yamma, fitilar ma ba a kunne take ba, na ji ƙaurin roba, sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Na tsaya na buɗe bonet, wayar ta yi ja kamar garwashi tun daga kan batir, robarta tana ɗiga. Allah ya sa akwai sifana a ƙofa, na kwance kan batir da hannu yana rawa. A bayan motar akwai jarkokin fetur biyu na injin ban ruwa.

Batirin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin wayar da ta taɓa jikin ƙarfe, kuma abu ɗaya ne ke tsayawa tsakaninsa da gobara, wato fis, wanda dole ya zauna kusa da kan batir, kamar taƙi ɗaya, tun kafin wayar ta yi nisa. Rile kuwa aikinsa ya ɗauke wa makunni nauyi. Mai ƙafa huɗu ne, lambobinsa a rubuce suke a ƙasansa: 30 tana zuwa batir ta cikin fis, 87 tana zuwa fitila, 85 da 86 su ne 'yan aike masu ɗaukar ƙaramar wuta. A nan ne ake ɗauko saƙon daga wayar ful, a bi da shi ta makunnin da ke ciki, ta yadda fitilar ba za ta kama ba sai makunnin yana kunne kuma an ba da ful. Ka yi dim, ta mutu, ko ka tuna ko ba ka tuna ba. Mai wayarin ya kula, don Toyota da yawa, har da Hilux, ɓangaren negatif suke yankewa a fitilar gaba, kuma wanda bai gwada da mita ba zai haɗa abin a juye. Fitilar da ke jan amfiya goma, waya mai kaurin 2.5 da fis na 15 sun ishe ta. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Wurin zamanta kuma ƙasa da bonet, a jikin bamba ko ƙarfen gaba, a bar wa lagireto hanyar shan iska, a ɗan sunkuyar da ita kaɗan.

Hujjarka ta ƙarshe ita ce tsaro, cewa babban haske zai nuna maka waɗanda suka tare hanya tun daga nesa. Ba na wasa da wannan tsoron, duk wanda ke tafiyar dare a Arewa a shekarun nan yana ɗauke da shi. Amma hasken da ke kai idonka mita ɗari uku, shi ana hango shi daga kilomita da yawa, yana kuma shelar cewa babbar mota ce ke tafe. Wanda ya laɓe a daji ya riga ka gani. A shingen jami'an tsaro kuwa, kowa ya san ƙa'ida: a rage fitila, a kunna ta cikin mota. Ka tunkari mutumin da ke riƙe da bindiga, wanda shi ma a tsorace yake, da hasken da ya hana shi ganin ko su wane ne a ciki, ban ga aminci a nan ba. Sannan akwai ramuwa. Direban tirela da ka kashe wa ido yana da nasa fitilun, sun fi naka yawa, sun fi naka tsayi, kuma zai sakar maka su duka. Yanzu an sami makafi biyu suna tunkarar juna, ɗaya da tan talatin a bayansa. In kowane mai a-kori-kura ya bi shawararka, haka kowane dare zai zama.

Ka ce fitilar kamfani ba ta isa ba. Sau nawa aka duba dalili? Gilashin fitilar da ya shekara goma a ranarmu ya koma ruwan ƙwai, madubin ciki ya dusashe, wayoyin sun tsufa har wutar da ke isa ƙwan ta ragu, ɗaya tana kallon sama ɗaya tana kallon kwata tun ranar da aka buga rami. A wanke gilashin, a canja abin da ya mutu, a faka mita goma daga bango a saita layin dim ya sauka kamar santimita goma ƙasa da tsayin fitilar, mutum zai yi mamakin motarsa. Sauran kuma ƙafa ce. Dim ba ya nuna maka fiye da mita hamsin zuwa sittin, mai gudun ɗari kuwa yana bukatar kusan ninkin haka kafin ya tsaya. Wanda ya sauko zuwa saba'in da dare ya sayi abin da ba fitilar da za ta ba shi.

Tawa tana nan a jikin bamba, mai inci 20, haɗe da ful. Da na sauka daga kwalta na kama hanyar gona, inda daga ni sai ramuka da dila, nakan danna makunnin in ga komai har gindin bishiyoyi. In na dawo kan kwalta nakan kashe shi in maƙala mata murfi. Malam, ina gayyatarka da zuciya ɗaya, in ka sami lokaci ka zo Auyo da taka motar mai fitilar rufi bayan girbi. Za mu fita hanyar gona da dare, inda ba kowa. Ka ba ni makullinka in ja baya mita ɗari, kai kuma ka zauna a kujerar direba ta motata kana fuskantata, in sa yaro ya tsaya da keke a gefen hanya tsakaninmu. Zan kunna fitilar, ka gaya mini ta wane gefe yake.